Mun Kai Baba Ganin Ruwan Kwazazzabo

Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, sai Baba ya tashi da maganar tafiya daji. Ba biki ba, ba gaisuwar rasuwa ba. Wai so yake mu bar gidanmu na cikin Rano, mai rufin kwanon da ko ɗigo ba ya yi, mu je mu kwana a gindin duwatsu.

Umma tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya faɗa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, mutane na gudun ruwa su shige ɗaki, kai kuma za ka fitar da mu daga ɗaki ka miƙa wa ruwa?"

Ya ce, "Kwanan gona za mu yi, Hajiya. Ba a kanmu aka fara ba."

"A gonar wa?"

"Gonar ta daɗe da barin hannunmu. Amma dutsen yana nan."

Duk mun san dutsen da yake nufi, don tun muna yara yake ba mu labarinsa har ya gundure mu. A bayan garin Kahu ya tashi. Mahaifinsa yana da wata gona mai nisa a gindin duwatsu, in damina ta faɗi sai su kafa bukka a can su zauna har a gama noma. Bayan gonar akwai wani kwazazzabo, wato matsatsin wuri mai zurfi tsakanin duwatsu biyu. Da rani ba komai a cikinsa sai kashin awaki. Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ruwa ya riƙa zubowa daga can sama, fari fat, da ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Cikinmu ba wanda ya taɓa ganinsa. Ni har na ɗauka Baba yana ƙara wa labarin gishiri.

Mun kuma san dalilin da ya sa maganar ta taso a wannan shekarar. Hawan jinin ido ya daɗe yana cin ganin Baba. Likitan da Yayana ya kai shi wurinsa a Kano bai ɓoye mana ba: abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa ne, kuma kafar ƙara tsukewa take. A gida ba ma maganar a gabansa. Shi ne ya yi ta ranar, a natse, yana gyara zaman hularsa.

"Ina so in ƙara ganin ruwan nan da idona, tun idon yana nawa."

Umma ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari da sassafe na tarar da ita tana ɗaure tukwane.

Yaya ya zo daga Kano da wani tanti da ya sayo a wurin 'yan gwanjo, da a-kori-kurar da ya aro a hannun abokinsa. Ni kuwa hutun makaranta ne ya kawo ni gida, na faɗa cikin abin da ban shirya ba. Umma ba ta san tafiya da ƙaramin kaya ba. Ta sa aka loda katifa, da murhu, da damin itace, da garin tuwo, da kuka da daddawa, da butoci, da muciya, sannan a bisa komai ta ɗora wani jan zakara da aka ɗaure wa ƙafa. Maƙwabta suka firfito suna tambaya, "Hajiya, tashi za ku yi ba ko sallama?"

Ta ce, "Ina! Malam ne zai kai mu shan iska."

Gaban motar mutum uku yake ɗauka. Yaya ne direba, Baba da Umma a gefensa. Ba sai an faɗa mini inda zan zauna ba. Na hau baya, na sami wuri tsakanin katifa da tukwane, aka miƙo mini tamfol, zakara kuma ya zaɓi cinyata.

Kafin a ta da mota Baba ya zagayo ya tsaya inda kowa zai ji shi. Ya ce, "Doka ɗaya ce a tafiyar nan. Kada in ji wani ya aibata ruwan sama. Mu yawo muka fito, masu gona kuwa abincinsu na shekara ne yake sauka."

Wannan ba sabuwar doka ba ce a gidanmu. Baba ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya, amma zuciyarsa ta manomi ce. In aka tambaye ka ya ruwa, amsa ɗaya ce, ya yi gyara, ko da katangar gidanku ruwan ya kayar. Sai dai faɗin haka a cikin ɗaki daban ne da faɗinsa a bayan a-kori-kura.

Muna fita gari muka kama hanyar Kibiya, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ban taɓa lura da kyan duwatsun ƙasarmu ba sai ranar. Sun yi duhu suna sheƙi, ciyawa ta hau su har kafaɗa, gero da dawa sun kewaye gindinsu. Duk dutsen da muka zo kusa da shi sai Baba ya ce a tsaya. Ya sauko, ya riƙe ƙofar mota, ya riƙa juya kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don abin da ke gabansa sak kawai yake iya gani. Guntu-guntu yake ɗibar dutsen har ya gama. Mu kuma mu tsaya muna jiransa, ba mai cewa a yi sauri.

Ruwan bai jira mun kai Kibiya ba ya ɓarke. Tamfol ɗin nan ashe ya fi rariya huji. Na duƙunƙune, zakara ya cusa kansa a hammatata, ruwa na bin bayana yana gangarawa. Da muka tsaya a cikin gari, Baba ya leƙo ta taga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, ya ruwa?"

Haƙorana suna kaɗawa na ce, "Ya yi gyara, Baba."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta cire mayafinta mai kauri ta jefo mini.

Da la'asar sakaliya muka yada zango a gindin wani dutse a kan hanyar Durba. Nan asirin tantin gwanjo ya tonu: sandarsa ɗaya babu. Yaya ya juya jakar, ya kakkaɓe, ya sake juyawa. Daga ƙarshe idonsa ya sauka a kan muciyar Umma.

Ta ce, "Kul! Ko da wasa."

Ba a jima ba muciya ta tsaya cak a ƙofar tanti tana riƙe da rufi. Ai dama ba ta da aikin yi, don itacen ya jiƙe sharkaf. Umma ta hura, na hura, Yaya ya tsiyaya kananzir, ba abin da muka samu sai hayaƙi da hawaye. Garin kwaki muka jiƙa da ƙuliƙuli, muka ci muna kallon tukwanen da muka sha wahalar ɗaukowa. Umma ta dubi sama, ta dubi itacenta, ta ce da ƙarfi yadda Baba zai ji, "Kai, ruwan nan ya yi gyara. Ya gyara itace, ya gyara katifa, ni ma ya gyara ni."

Baba ya yi kamar bai gane ba. Farin ciki ya cika shi kamar yaro ranar sallah. Yana ta shaƙar ƙamshin ƙasa yana gaya mana yadda suke kafa bukka da kara da ciyawa, wadda a cewarsa ta fi wannan leda tamu sau dubu. Da ya tashi zai yi alwalar magariba, sai muka ji ya yi sallama cikin girmamawa, har da ɗan rusunawa. Muka waiga. Wani kututturen itace ne a tsaye a bakin hanya. Da ya matsa ya taɓa shi sai ya fashe da dariya ya ce, "Shi ya sa bai amsa ba!" Muka taya shi dariyar. Yaya ya ce zai duba tayar mota, ya zagaya bayanta, ya daɗe bai dawo ba.

Mun wayi gari katifa ta sha ruwa kamar soso, zakara kuma ya yi cararsa a cikin tanti, daidai kunnen Yaya. Muka naɗe kaya muka ci gaba. Muna dab da shiga Durba motar ta kafe a laka. Samarin garin suka zo suka tura, ɗaya daga cikinsu ya gane Baba, kafin mu goge ƙafafunmu labari ya isa gidan Baffa, ɗan wan mahaifin Baba. Sai ga shi a kan keke, riƙe da lema, fuskar nan a murtuke.

Bayan an gaisa ya ce, "Malam, me na yi maka?"

Baba ya ce, "Subhanallahi, me ya faru?"

"An ce jiya a daji ka kwana da iyalinka. A ƙasar nan! Ina raye! Kamar wanda ba shi da kowa! Da wane ido zan dubi mutane a masallaci?"

Baba ya shiga yi masa bayanin kwanan gona. Baffa ya katse shi. "Kwanan gonar da muka yi don dole? Wanda sauro ya kusa cinye mu? Shi ne yanzu ka ɗauko Hajiya ka kawo ta ta ɗanɗana?"

Umma ta ce, "Faɗa masa dai, Alhaji."

Wannan ne abin da ba mu lissafa da shi ba tun daga Rano. A ƙasarmu ba ka isa ka kwana a waje ba alhali kana da dangi a kusa, sai ka shirya ɓata zumunci. Baba ya kafe shi a tanti zai kwana, Baffa ya kafe ba mai wuce ƙofar gidansa. Aka yi ta ja-in-ja a bakin hanya, har dai aka samo maslaha: za a kafa tantin, amma a tsakar gidan Baffa.

Haka kuwa aka yi. Yaya ya kafa shi tsakanin rumbu da turken akuya, muciya ta koma bakin aikinta. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, suna gaishe da Umma suna satar kallon tantin, wata tsohuwa har ta tambaya ko gidan sauro ne na Turawa. Aka yi mana tuwon dawa miyar kuka mai zafi, na ci har na ji kunya. Baba da Yaya suka shige tanti. Umma ta ja hannuna zuwa ɗakin matar Baffa tana cewa, "Ni dai na yi kwanan gonata jiya, ladan ya ishe ni." Zakaranmu ma a nan ya sami gida, don Umma ta bayar da shi tsaraba.

Da gari ya waye ruwa bai ɗauke ba. Ba mai iska ba ne, irin mai naci ne da yake sauka kamar ba zai taɓa tsayawa ba. Hantsi ya yi, ba alamar rana. Baffa ya dawo daga waje yana kakkaɓe lema, ya ce masu babur sun ce koramar da ke bayan Kahu ta kawo, mota ba za ta ƙetare ba.

Ya ce, "Ku haƙura, Malam. Dutse ai ba gudu zai yi ba. Baɗi in Allah ya kai mu sai mu je tare."

Shi bai san abin da likita ya faɗa ba, mu kuwa mun san dutse zai jira baɗi, idon Baba ne ba zai jira ba.

Baba yana zaune a ƙofar tanti, ya miƙa tafin hannunsa waje ruwa na zuba a kai. Na tsaya a bakin ɗaki ina kallonsa, haushi ya turnuƙe ni. So nake ko sau ɗaya ya yi tsaki, ya ce wannan ruwa ya cuce shi, don in sami damar taya shi. Da na ga ba zai yi ba sai na fara da kaina.

"Wannan ruwa dai, wallahi..."

Ya ce, "Uwata."

Na haɗiye sauran. Na ce, "Ya yi gyara." Sai hawaye ya zubo mini, na gode Allah da ruwan ya ɓoye shi.

Umma ce ta tashi. Ta ɗauki buta ta yi alwala, ta yi sallar walaha, ta zauna a kan darduma ta ɗaga hannu. Umma ba ta iya addu'a a ɓoye ba, yadda take magana da kowa haka take roƙon Ubangijinta. Na ji tana cewa, "Ya Allah, ba cewa na yi ka ɗauke ba, ka ji dai ban ce ba. Ka kai shi gonakin bayinka su sha su ƙoshi. Ka ɗan matsar mana da shi gefe ne kawai, mu wuce da bawan nan naka."

Ta shafa, ta naɗe darduma, ta fita cikin ruwan ta tsaya a kan Baba.

"Tashi, Malam. Ruwan da ya hana mu tafiya ai shi za mu je gani. In ya ɗauke, me za ka kalla, kashin awaki?"

Tukwane da katifa a gidan Baffa muka bar su. A wannan karon Umma ta matsa, na matsu a gaba tare da su. Muka wuce Kahu ruwa na dukan gilashi, Yaya ya manne da sitiyari, motar tana rawa a cikin laka. A bakin korama muka tsaya. Ruwan ja ne, yana gudu da kara da ganyaye. Muka zauna a mota muna kallonsa har bayan azahar, Yaya yana fita yana kafa tsinke a bakin ruwan don ya ga ko yana ja baya. A hankali ya ja. Da wani makiyayi ya ƙetaro da shanunsa muka ga ruwan iya gwiwa yake, sai Yaya ya naɗe wandonsa ya durƙusa a gaban Baba.

Baba ya ce, "Me ke nan?"

"Hau, Baba."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Akwai santsi ne."

Baba ya tattare babbar rigarsa ya hau, yana cewa, "To, na goya ka, yau ka rama." Ni da Umma muka biyo su riƙe da hannun juna, tana yi mini faɗa wai ina jan ta, alhali ita ce take jana.

Daga can sai tafiyar ƙafa a cikin gonakin mutane, dawa ta fi mu tsawo, ganyenta na zuba mana ruwa a wuya. Ruwan sama ya koma yayyafi. Baba ya karɓi gaba. Abin mamaki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya tsaya a wata tsohuwar tsamiya ya dafa ta, ya ce a nan bukkarsu take, sannan ya karkata hagu ba tare da ya tambayi kowa ba. Ba mu yi nisa ba muka fara jin ƙarar, kamar ana ɓarin tsakuwa a kan kwano daga nesa.

Ashe Baba bai ƙara gishiri ba, ragewa ma ya yi. Duwatsu biyu ne suka tashi sama suka kusa haɗewa, gansakuka ta lulluɓe jikinsu, sanyi na fitowa daga ciki. A hannun hagu, daga can ƙololuwa, ruwan yake zubowa fari fat, ya daki wani faffaɗan dutse ya tarwatse, feshinsa na jiƙa mana fuska. Na saki baki ina kallo, har na manta da wanda muka kawo.

Da na waiga sai na ga Baba ba ruwan yake kallo ba. Cikin kwazazzabon da duhu-duhu, kuma dutsen hannun dama yana amsa ƙarar ruwan yana maido ta, har ta fi ƙarfi ta wannan gefen. Baba ya bi kunnensa. Yana tsaye ya ba ruwan baya, ya fuskanci baƙin dutsen da ba komai a jikinsa, ya ɗaga kai, fuskarsa cike da murmushi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kun gani? Ban gaya muku ba? Ga shi nan yadda na bar shi!"

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta harare shi ya rufe. Ta taka a hankali a kan duwatsun nan masu santsi har ta isa gabansa.

Ta ce, "Haba Malam, dubi hularka yadda ta karkace. Haka za ka tsaya a gaban wurin da ka yi shekaru kana ba mu labari? Juyo nan in gyara maka."

Ta kama kafaɗunsa da hannu biyu, ta riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, tana mita a kan hular, ita ma tana zagayawa tare da shi, har sai da ya fuskanci hagu. Ta taɓa hular ta ɗan danna ta. Sannan ta kauce daga gabansa.

Murmushin ya ɓace daga fuskar Baba. Ya ɗaga kansa can sama, ya riƙa saukowa da shi a hankali yana bin ruwan har ƙasa, ya sake komawa sama ya sake saukowa. Leɓensa yana motsi amma ba ma jin abin da yake cewa. Na so Baba duk rayuwata, amma ban taɓa jin son ya yi mini ciwo a ƙirji irin na wannan lokacin ba.

Ya daɗe a haka. Can, ba tare da ya ɗauke idonsa daga ruwan ba, ya laluba ya kama hannun Umma da ke kan kafaɗarsa.

Ya ce, "Hajiya, hular ta daidaita?"

Ta ce, "Ta daidaita, Malam. Yi kallonka."